Jan Ɗigo a Katin Simoki

Har yau ban manta da Asabar ɗin da Mis Linda ta ƙi amincewa da fom ɗin Mma Hawa ba. Ni ce na yi tafinta a tsakaninsu, don haka da bakina aka yi tambayoyin, da bakina kuma aka ba da amsoshin da suka jawo ƙin. Ina rubuta wannan ne saboda ku ƙannena da za ku fara aikin sa-kai a shelta bana, musamman masu jin Hausa, don na san wata rana za a kira ɗayanku a ce ya zo ya fassara.

Ga wanda bai sani ba, a makarantun yankinmu ba a ba ɗalibi takardar gama sakandare sai ya cika wasu awoyi yana yi wa jama'a aiki kyauta. Wasu na zuwa laburare, wasu gidan tsofaffi. Ni na zaɓi shelta, wato gidan da ake ajiye karnuka da kyanwoyin da ba su da masu su har a sami mai ɗauka. Dalilina ɗaya ne: na zaci a can ba sai na yi magana da kowa ba. Ina aji goma a lokacin, shekarata sha shida, shekara shida kuma da zuwanmu Germantown daga Maraɗi. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Da na gaya wa Mamata inda na zaɓa, sai ta ce wato an kawo ni Amurka, an sa ni lakwal, makarantar boko, don in ƙare a kwasar kashin mussa, kamar yadda muke kiran kyanwa a gida. Ta yi dariya har ta kira ƙanwarta a waya ta ba ta labari. Duk da haka kowace Asabar ita ke tashina, ta zuba mini abinci a roba, ta tsaya a taga har in shiga bas.

A sheltar manaja ne a sama, ba kasafai muke ganinsa ba. Daga shi sai likitar dabbobi, sai Mis Linda mai kula da bayar da dabbobi ga masu nema, sai ma'aikatan da ake biya albashi, sai mu 'yan sa-kai masu koriyar riga a can ƙasa. Ni a ɗakin kyanwoyi aka sa ni. Aikina in canza yashin da suke bayan gida a ciki, in wanke kwanoni, in zuba abinci da ruwa, sannan in rubuta a katin da ke maƙale jikin kowane keji ko ta ci, ko ta sha, ko ta yi amai. Katin ƙarami ne, ba ya ɗaukar duk abin da nake gani, shi ya sa na sayi ɗan littafin aljihu ina rubuta sauran: wadda ke kwana da fuska a bango, wadda ke tsoron ƙarar takalmin maza, wadda ba ta shan ruwa sai an matsar da shi nesa da abinci. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya san ina yi.

Ba a shigowa shelta a nuna kyanwa a tafi da ita. Sai mutum ya cika fom mai shafi biyu. In gidan haya yake, sai ya kawo takarda daga mai gidan cewa an yarda ya ajiye dabba. Daga nan a kai shi ɗakin ganawa, wani ƙaramin ɗaki mai benci ɗaya da tagar gilashi, a bar shi da kyanwar na minti ashirin. Mis Linda kan tsaya a bayan gilashin da takarda a hannu tana dubawa: ya taɓa ta, ya yi mata magana, ya ɗauki sandar wasa mai gashin tsuntsu ya kaɗa mata. Bayan haka ta yi masa tambayoyi, sannan ta sa hannu ko ta ƙi. Mis Linda 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, bayan hannuwanta duk tabon yakushi, tana magana da sauri. Sunana Zainabu, amma ita Zi take ce mini.

Akwai wani abu kuma da ba a gaya wa baƙi. Yawan kejin sheltar ƙayyadadde ne. Da zarar sanyi ya wuce sai a fara kawo 'ya'yan kyanwa a kwali kusan kullum, kuma dole a nema musu wuri. Saboda haka kowace Talata da ƙarfe huɗu manaja da likita da Mis Linda kan zauna su duba kyanwoyin da suka tsufa, ko ba su da lafiya, kuma ba wanda ya nema. Wadda aka ga wahalarta ta yi yawa, likita kan yi mata allurar da ba a tashi. Kafin zaman ana manna ɗan jan ɗigo a kusurwar katin duk wadda za a yi maganarta. Ranar da muka fara aiki aka gargaɗe mu cewa ko baƙo ya tambayi ma'anar ɗigon, mu tura shi ofis.

Simoki tana keji na ƙasa, na ƙarshe kusa da ƙofar sito. Ruwan toka ce, likita ta ce ta haura shekara goma sha biyu. Haƙoranta kaɗan suka rage, ƙugunta na hagu kuma yana mata ciwo, amma wannan a takardun likita kawai aka rubuta shi, babu shi a katin. Wani mutum ne ya kawo ta a tsakiyar sanyi, ya ce ta mahaifiyarsa ce da ta rasu, shi kuma ba zai iya riƙe ta ba. Ko sunanta bai sani ba, ma'aikata ne suka sa mata Simoki saboda launinta. Tun da ta zo take ɓuya a bayan akwatin yashi. In ka miƙa hannu ta yi maka huci. Abinci sai ta lasa sau biyu ta bari. Ina iya ƙirga ƙasusuwan bayanta da ido.

Mma Hawa ta fara zuwa ne lokacin da itatuwa suka soma fitar da fure. Doguwar mace ce, za ta kai shekara sittin, ta yafa mayafi a kan shuɗiyar rigar masu jinyar tsofaffi a gida, ƙafarta farin takalmin roba. Baƙi kan tsaya a kowane keji suna sa yatsa suna ƙananan muryoyi. Ita ta miƙe har ƙarshen layi ba ta dubi dama ko hagu ba, ta tsaya kusa da kejin Simoki, amma ta juya tana kallon wani kejin dabam. Ina durƙushe ina goge ƙasa. Ta ga hijabina ta tambaye ni da Turanci daga ina nake. Da na ce Nijar, sai ta koma Hausa irin tasu ta Kumasi, ta gaishe ni, ta tambayi iyayena ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Sai da za ta tafi ta ce, ba tare da ta kalli kejin ba:

"'Yata, wannan tsohuwar ta ƙasa, kuna ɗuma mata abinci kuwa?"

Na ce a'a, yadda aka buɗe gwangwani haka muke zubawa. Ta ce in sa ɗan ruwan ɗumi in dama da cokali har ya yi laushi, in zuba a faranti mai faɗi maimakon kwano mai zurfi, in ajiye kuma in juya baya. Na nemi izinin ma'aikaciyar da ke kanmu, ta ce in gwada. Simoki ta cinye rabi. Na rubuta a littafina, har da lokacin.

Asabar uku a jere Mma Hawa tana zuwa, kullum haka take yi: ta tsaya a wurin nan, ta kalli wani kejin, ta tambaye ni lafiyar gida, ta tafi. Na lura in tana nan Simoki kan fito daga bayan akwatin ta zauna a gaban keji. Cin abincin ya ɗan gyaru, amma sauran ranakun mako ba kowa ke da lokacin ɗumawa ba, kuma likita ta gano tana bukatar ƙwayar magani kullum. A Asabar ta huɗu na shigo da safe na tarar da jan ɗigo a katinta. A ranar ne kuma Mma Hawa ta zo da takardar mai gidan hayarta ta Beltsville, a ninke cikin leda. Ta ce Turancin aiki take ji, ba na takarda ba, don haka a bar yarinyar nan, wato ni, ta zauna tare da ita. Mis Linda ta yarda.

Ni na ɗauko Simoki a cikin tawul na kai ta ɗakin ganawa, na koma bakin ƙofa daga ciki na tsaya. Mma Hawa ta zauna a benci, hannuwanta a cinya, idonta a bango. Ba ta kira kyanwar ba, ba ta taɓa ta ba, sandar wasan kuwa ko kallonta ba ta yi ba. Simoki ta shinshina takalmin robar, ta zagaya ta ɗaya gefen, gefen da ba a gani daga gilashi, ta hau bencin da ƙyar, ta kwanta a kan bakin mayafin da ya zubo, ta jingina bayanta da cinyar matar. Can sai wayar Mma Hawa ta yi ƙara a jakarta da ke ƙarshen benci. Da ta miƙa hannu, mayafin zai ja. Ta bar ta ta yi ta ƙara har ta gaji. Da minti ashirin suka cika, ita ta ɗago kyanwar ta miƙo mini, hannunta a ƙarƙashin ƙirji da cinyar dama, ba ta ko gogi ƙugun hagu ba.

Mis Linda ba ta ga komai daga cikin wannan ba. Abin da ta gani ta gilashi shi ne mace zaune tana kallon bango.

Sai tambayoyi, a ofis. Me ya sa wannan kyanwar take so? Mma Hawa ta ce kyanwa ce dai, duk wadda aka ba ta ta gode. In ta kamu da ciwo mai tsanani, me za ta yi? Ta ce Allah ya kiyaye. Mis Linda ta sake tambaya, ta ce ita ba ta kiran ciwo da bakinta. In ta tafi Ghana ganin gida, wa zai kula da ita? Maƙwabta suna nan. Su wa? Mutanen kirki ne. Ta taɓa riƙon kyanwa? Ta ce ba ta taɓa mallakar kyanwa ba. Wane dalili ne zai sa ta dawo da ita? Ta ce in masu ita sun zo nema.

Ina fassarawa ina jin kowace amsa tana faɗuwa ƙasa. Na san abin da Mis Linda ke son ji, kuma da na ƙara kalma biyu-uku babu wanda zai gane. Amma an koya mana cewa tafinta ba ya ƙari ba ya ragi, don haka na faɗi abin da aka faɗa. Mis Linda ta ajiye biro ta yi bayani cikin ladabi cewa wannan kyanwar tana bukatar wanda ya saba da jinyar dabba, ta ba da haƙuri, ta ce ƙofa a buɗe take wani lokaci. Mma Hawa ta ce "medase", wato godiyarsu ta Twi, ta mayar da takardarta cikin leda, ta fita a miƙe. Ni kuwa na koma ɗakin kyanwoyi na wanke kwanonin da na riga na wanke.

Na tashi aiki ƙarfe biyu. A tashar bas na same ta zaune, kuma na san aƙalla bas biyu sun wuce tun fitarta. Na gaishe ta na zauna a ƙarshen benci. Ban saba fara yi wa babba magana ba, amma na ce:

"Mma, wa ya gaya miki ƙugunta na hagu ne ke ciwo?"

Ta juyo ta kalle ni har na sunkuyar da kai. Sannan ta ce a kan idonta kyanwar ta faɗo daga saman firiji shekara biyu da suka wuce, ita ta riƙe ta a mota zuwa wurin likita. Shekara huɗu ta yi tana jinyar tsohuwar da ke da kyanwar, tana yi mata wanka, tana ba ta abinci a baki. Da dare in ta tafi gida, kyanwar ce ke kwana a ƙafafun matar.

"Ni da ita muka yi jinyar matar nan," in ji ta. "Ni an sallame ni, ita an kawo ta nan."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa wa Mis Linda, tunda wannan kaɗai ya isa. Ta ce kamfanin da ke tura su aiki ya hana su ɗaukar komai daga gidan majinyaci, ko da cokali ne, ko da kyauta aka ba su. Ranar da ta bar gidan, ɗan matar sai da ya sa ta buɗe jakarta a bakin ƙofa. In labari ya je cewa kyanwar gidan tana ɗakinta, aikinta ne zai tafi, sunanta kuma ya ɓaci a wurin duk 'yan'uwanta masu wannan aiki. Ban da haka, ta ce, a garinsu abin kunya ne a ga idonka a kan abin da mamaci ya bari. Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa wa kowa ba. Na yi. Yanzu ma da izininta nake rubuta wannan. Ta ba ni lambar wayarta, wai in kyanwar ta ƙi cin abinci in kira ta. Ba ta san da maganar ɗigon ba, ni kuma ba ni da izinin faɗa.

Ranar Lahadi na wuni da abu biyu a raina: amanar da aka ba ni, da zaman ranar Talata. Na buɗe littafina na karanta duk abin da na rubuta a kan Simoki tun zuwan Mma Hawa na farko. Sai na ga babu ko ɗaya a ciki da ita ta gaya mini a asirce. Duk abin da idona ya gani ne, kuma wannan nawa ne, ina da ikon faɗa.

Ranar Litinin ba ranar aikina ba ce, amma daga makaranta na wuce shelta. Na yi kusan minti biyar a ƙofar ofishin Mis Linda kafin in ƙwanƙwasa. Da na shiga, sai kawai na buɗe littafin na fara karantawa: ranar da aka ɗuma abinci da yawan abin da ta ci, ranakun da ta fito gaban keji da wanda ke tsaye a wurin, mayafi, wayar da ba a ɗauka ba, inda hannu ya kama da inda ya kauce. Mis Linda ta daina buga kwamfuta. Ta karɓi littafin ta duba da kanta, har shafukan sauran kyanwoyin. Ta tambaye ni me ya sa ban faɗi wannan ranar Asabar ba. Na ce ba a tambaye ni ba.

"Yau ma ban tambaye ki ba, Zi," in ji ta, "ga ki nan kuma."

Wannan ya ɗan sake mini harshe. Na yi mata bayani cewa a wurinmu babbar mace ba ta nuna tana son abu a gaban mutane, kuma in za a ba ka abu ba ka zaɓa. Na ce kakata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan Babana ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban kowa ba, saboda shi ne ɗanta na fari, amma duk gidan an san wa take ajiye wa nama. Na ce ciwon da bai zo ba kuma ba a son ambatonsa. Mis Linda ta ce ta ji, amma ita ta sha ganin kyanwoyin da aka ɗauka da murna aka yar a gefen babbar hanya da suka fara ciwo, to ta yaya za ta san matar nan za ta iya? Na ce kada ta tambaye ta abin da zai faru, ta tambaye ta yadda ake yin abu.

Sai na yi tambayar da na kwana ina shiryawa: in mutum ya kawo kyanwa ya bari, ta wa ce? Mis Linda ta cire tabarau ta kalle ni. Ta jawo fom ɗin da masu kawo dabba ke sa wa hannu, wanda ba a cika ba, ta ja layi a ƙarƙashin inda aka ce mai kawowa ya sallama duk wani haƙƙi nasa. Ta ce daga ranar dabbar ta shelta ce, kuma ba a ba kowa sunan wanda ya ɗauka, ko wanda ya kawo ta ne ya zo tambaya. Ta miƙo mini takardar ta ce ba ta tambaye ni dalili ba, kada kuma in gaya mata. Na ce saura maganar ɗigon. Ta ce in gaya wa matar gaskiya, ita ta ba ni izini, amma ta zo kafin ƙarfe huɗu.

Da na kira Mma Hawa da yamma, cewa ta yi ba za ta koma ba. An ce mata a'a a gaban yarinya sa'ar jikarta, sai ta koma roƙo? Na karanta mata layin nan na fom da Hausa, sau biyu. Ta ce ta ji. Sai na gaya mata ma'anar jan ɗigon da abin da ake yi ranar Talata.

"Don ta tsufa?" ta ce.

Na ce don ta tsufa, kuma ba wanda ya nema. Ta ce za ta samu wadda za ta riƙe mata aikin rana.

Ranar Talata bas ɗina ya maƙale a cunkoso wajen hanyar 270, ban iso ba sai uku da kwata. Na tarar da Mma Hawa zaune a ɗakin jira, ledarta a cinya. Wannan karon Mis Linda ba ta tsaya bayan gilashi ba. Ta shigo ɗakin ganawar ta zauna a ƙasa, ta gefen da na nuna mata. Simoki ta yi abin da ta yi ranar Asabar, har ta ƙara da lumshe ido. Mis Linda ta fito da ƙwayar maganin ta ce tun safe ma'aikata biyu suka kasa ba ta, ko Mma ta san yadda ake yi? Mma Hawa ba ta jira fassarata ba. Ta ce a ba ta tawul. Ta naɗe kyanwar kamar jaririya, ta zaunar da ita tana ba ta baya, ta ɗaga haɓarta da yatsa ɗaya, ta jefa ƙwayar, ta shafa maƙogwaro. Kafin in ƙifta ido an gama. Sai ta shiga bayani da Turancinta, ina cike mata inda ta tsaya: wani maganin ana daka shi a sa a romon kifi, wani ba a dakawa, sai an tambayi likita, kamar dai na mutane. Da aka zo maganar tafiya gida, ta ciro waya ta kira maƙwabciyarta a take, matar wani direba ɗan Damagaram, ta miƙa wa Mis Linda suka yi magana.

Mis Linda ba ta tambaye ta inda ta koyi duk wannan ba. Mma Hawa ce da kanta, tana kallon bango, ta ce da Turanci ta san kyanwar. Mis Linda ta ce ta ga alama. Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Ta sa hannu a fom ɗin a kan gwiwarta, saura minti goma huɗu ta cika, ta ce in je in ciro katin daga jikin keji in kawo mata, ita za ta shiga da shi zaman ta ce wannan ta sami gida. Na bi layin kejin nan ina ji kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. A bas ɗin komawa gida na yi ta murmushi ni kaɗai har wata mata ta matsa.

Ƙa'ida ce bayan mako biyu a kira wanda ya ɗauki dabba a ji yadda ake ciki, kuma ni aka ba wannan kiran. Mma Hawa ta ce tsohuwar ta ƙwace mata kujera, tana tashinta tun kafin asuba, ba ta cin abinci sai an ɗuma kamar matar mai kuɗi. Duk ƙorafi ne, kuma na rubuta a fom cewa komai lafiya. Daga lokacin Mis Linda ta sa aka ƙara mana wani shafi a bayan kati inda masu share keji za su rubuta abin da suka lura da shi, kuma ba ta ƙara ƙin fom ba sai ta karanta shi. Ni kuma aka fara sa ni zama a ɗakin ganawa. Awoyina sun cika tuntuni, ban daina zuwa ba.

Simoki ta yi shekara ɗaya da wata huɗu a Beltsville. Da ta mutu, Mma Hawa ta kira shelta ta sanar, yadda ake sanar da dangi. Ina ofis a lokacin. Mis Linda ta rufe bakin wayar da hannu ta tambaye ni me ake cewa a wurinmu. Na gaya mata, ta maimaita sau biyu a hankali, sannan ta ce a waya, "Allah ya ba da haƙuri." Ta karya kalmomin sosai. Daga inda nake tsaye ina jin Mma Hawa ta amsa da amin.

Abin da na koya a wannan aiki shi ne fom ɗin nan ba don wulaƙanci aka yi shi ba. Kowace tambaya da ke ciki akwai wata dabbar da ta sha wahala kafin a rubuta ta, kuma mutane irin Mis Linda suna tsaurarawa ne don su suke zama a ɗakin nan ranar Talata. Sai dai waɗanda suka rubuta shi sun rubuta ne da irin mutanen da suka sani. Mutanenmu suna shigowa da tasu tarbiyyar, su amsa yadda aka koya musu amsa wa manya da hukuma, a karanta su a karkace. Ku da kuka tashi a tsakanin gidajen biyu kuna jin abin da kowane ɓangare ke nufi. In an kira ku fassara, ku faɗi abin da aka faɗa daidai, kada ku gyara wa kowa magana, kada kuma ku tona abin da aka ba ku amana. Amma in an gama, ku nemi mai sa hannu ku gaya masa abin da kuka gani, a ranar, tun mutumin bai kai tashar bas ba. Ni sai da na bari kwana biyu suka wuce, kuma ba kowace kyanwa ke da kwana biyun ba.